An ce a sa wa Baba sitent bayan bugun zuciya: dole ne, ko magani ya isa?

"Assalamu alaikum Likita. Mahaifinmu shekararsa 63, a Tudun Wadar Kaduna muke, ya fi shekara goma yana fama da ciwon suga da hawan jini. Kwana goma da suka wuce, bayan sallar isha'i, ƙirjinsa ya riƙe, ya yi ta gumi da amai. Mun ɗauka olsa ce, muka ba shi Gestid. Sai wajen ƙarfe biyun dare muka kai shi asibiti. Suka yi masa awon zuciya, suka ce jijiya ce ta toshe, suka sa masa allurar narkar da jini a cikin ruwa, ciwon ya lafa. Yanzu an sallame shi, yana cin abinci, har yana fita masallacin ƙofar gida. Amma likitan ya ce lallai mu kai shi Abuja a ɗauki hoton jijiyoyin, wataƙila a sa masa sitent ko a yi tiyata. Yayyena sun rabu biyu. Wasu sun ce tunda ya warke a bar shi da magani, wasu sun ce a tara kuɗi a kai shi Masar ko Indiya bayan Sallah. Mene ne wannan aikin, kuma dole ne?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa kaffara ce. Idan na fahimce ki, kina son sanin abin da ya faru a ƙirjin Baba a daren nan, da dalilin da likita ke neman ƙarin aiki alhali ciwo ya lafa, da kuma inda ya kamata a yi shi. Bari in fara da abin da ba ni da shakka a kansa: hoton nan a ɗauke shi, cikin 'yan kwanakin nan, kada a jira bayan Sallah. Maganar sitent ko tiyata ko magani kaɗai kuwa, hoton ne zai raba gardama. Duk likitan da ya yanke miki hukunci a kan haka bai ga hoton ba, kame-kame yake yi, kuma ni ma ban fita daga ciki ba.

Abin da ya toshe

Zuciya tsoka ce, girmanta bai wuce dunƙulen hannun mai ita ba, tana bugawa kusan sau 100,000 a kwana. Jinin da take turawa ta cikinta ba shi ke ciyar da ita ba. Tana da nata jijiyoyi da suka kwanta a jikinta ta waje, guda biyu ne a tushe: ta dama da ta hagu. Ta hagun gajeren gindi gare ta, sai ta rabu biyu, ɗaya ta gangara ta gaba, ɗaya ta kewaya ta baya. Shi ya sa za ki ji muna cewa jijiyoyi uku. Faɗin kowace bai fi milimita 3 zuwa 4 ba, kamar bututun tawadar da ke cikin biro.

Mutane kan ɗauka maiƙo na taruwa a cikin jijiya kamar yadda shara ke cushe kwata. Ya fi kama da ƙurji a ƙarƙashin fata. Suga da hawan jini da taba suna ƙuje shimfiɗar cikin jijiyar, maiƙon da ke yawo a jini ya kutsa cikin bangon, ya yi shekaru yana kumbura da siririyar fata a samansa. Ranar da fatar nan ta tsage, jini zai ɗauki wurin a matsayin rauni, ya daskare a kai, cikin mintoci hanya ta rufe ruf. Wannan shi ne bugun zuciya. Tsokar da jijiyar ke shayarwa takan fara mutuwa bayan minti 20 zuwa 30, daga ciki zuwa waje. Bayan awa shida an yi asarar kaso mai yawa, bayan awa goma sha biyu abin da ya rage a ceta kaɗan ne. Naman da ya mutu ba ya sake tsirowa, tabo yake zama, tabo kuma ba ya matsa jini.

Kada ku zargi kanku kan batun olsa. Idan jijiyar dama ce ta toshe, ciwon kan sauka a bakin ciki tare da amai, kuma mai suga da ya daɗe yakan ji zafin a dakushe, wani ma gumi da kasala kawai zai ji. Amma ku riƙe wannan don gaba, ku da maƙwabta: babba mai suga ko hawan jini da ya ji nauyi a ƙirji ko a saman ciki tare da gumi mai sanyi, awon lantarkin zuciya ake fara yi masa, wanda ake kira isiji, kuma ƙa'ida ita ce a yi shi cikin minti goma da shigarsa asibiti.

Me allurar ta yi, me ta bari

Hanya biyu ake buɗe jijiya cikin gaggawa. Ta fi kyau a shiga da waya da balan-balan a buɗe ta kai tsaye, wannan kan dawo da jini sosai a sama da mutum 90 cikin 100. Sharaɗinta shi ne a iya yin aikin cikin minti 120 da gano ciwon. Ɗakunan da ake wannan aiki ba su da yawa a Najeriya, akasarinsu suna Legas da Abuja. Daga Kaduna zuwa Abuja kusan kilomita 190 ne, ga dare, ga neman mota, ga tara ma'aikata a can. Awa biyu ba za ta isa ba. A irin wannan hali ƙa'ida ta ce a yi allurar narkar da gudan jini nan take, to likitocin da suka karɓi Baba sun yi daidai.

Sai dai allurar gudan jinin kawai take narkarwa. Kumburin maiƙon da ya tsage yana nan inda yake, sau da yawa ya cinye kashi 70 ko 90 na hanyar, kuma samansa bai gama warkewa ba. Sannan ba kullum take buɗewa gaba ɗaya ba. Sitireptokinas, wadda aka fi samu a asibitocinmu saboda sauƙin kuɗi, takan dawo da cikakken gudun jini ne a kusan kashi ɗaya cikin uku na masu ciwon, sababbin irin su tenektefilas kuma a rabi ko sama da haka kaɗan. Lafawar ciwo alama ce mai kyau, amma ciwo kan lafa ta hanya biyu: ko jini ya dawo, ko naman da ke kukan ya riga ya mutu. Daga bakin ƙofa ba a bambance su. Saboda haka ne ƙa'idar ta ce duk wanda aka yi wa allurar nan, ko da ta ci, a ɗauki hoton jijiyoyinsa tsakanin awa 2 zuwa 24 bayanta. Baba yana kwana na goma. An makara, amma dalilin ɗaukar hoton bai gushe ba, domin makonnin farko su ne lokacin da jijiyar ta fi saurin sake rufewa.

Ku koma asibitin ku tambayi sunan allurar, a rubuta muku. Idan sitireptokinas ce, ba a maimaita ta, domin jiki kan haɗa garkuwa a kanta da ke ɗaukar shekaru. In an sake yi ba za ta yi aiki sosai ba, kuma tana iya tayar da borin jini mai tsanani.

Yadda ake aikin

Ba a tsaga ƙirji, ba a sa mutum barci. Zai kwanta a kan siririn gado, na'urar hoto mai lanƙwasa kamar baka tana kewaya shi. A wuyan hannun dama, daidai inda ake taɓa bugun jini, za a yi allurar kashe zafi, a huda jijiyar, a sa ɗan bututu mai faɗin kusan milimita biyu ya zama ƙofa. Ta nan ake zura wata siririyar mesa mai tsawon mita ɗaya, ta bi hannu ta haura kafaɗa har bakin jijiyoyin zuciya. Cikin jijiya ba ya jin taɓi, don haka mutum ba ya sanin tana tafiya. Sai a fesa ruwan rini kaɗan, jijiyoyin su bayyana a allo baƙaƙe kamar rassan bishiya, duk inda ya tsuke ya fito kamar an ɗaure tsakiyar buhu. Ana ɗauka ta kusurwa da dama, domin tsukewar da ta ɓuya ta gaba takan fito ta gefe. Wannan shi ne anjiyogiram, minti 20 zuwa 30 ya isa. In hannu ya ƙi, sai a bi ta matsematsi, amma can ya fi zubar da jini kuma dole mutum ya kwanta a miƙe na awoyi.

Idan za a buɗe, sai a ba da hefarin don kada jini ya daskare a kan kayan aiki, a zura waya mai kaurin kashi ɗaya cikin uku na milimita, mai taushin baki, a lallaɓa ta ta ratsa tsukewar. Wannan ratsawar ita ce inda gwanintar take. Wayar ta zama layin dogo, duk abin da zai biyo baya a kanta zai hau. Balan-balan zai fara shiga a hura shi da ruwa, da ƙarfin da ya ninka iskar tayar mota sau biyar zuwa goma, na 'yan daƙiƙu. A lokacin mutum zai iya jin irin ciwon nan ya dawo, domin an rufe hanyar na ɗan lokaci, da an sace balan-balan ɗin sai ya wuce. Daga nan sai sitent: 'yar raga ce ta ƙarfe mai siffar bututu, an matse ta a jikin wani balan-balan, faɗinta daga milimita biyu da ɗoriya zuwa biyar, tsawonta daga milimita 8 zuwa sama da 30. Ana hurawa sai ta buɗe ta manne da bango, a sace balan-balan a zare, ita ta zauna ke nan har abada. Ba a cire ta, ba ta tsatsa, ba ta motsi, kuma cikin watanni fatar jijiya takan rufe ta. A ƙarshe a ɗaura wani madauri a wuyan hannu na 'yan awoyi. In komai ya tafi daidai, washegari mutum yana gida.

Ragar ba da ita aka fara ba. Wani likita mai suna Andreas Gruntzig ne ya fara buɗe jijiyar zuciyar mutum da balan-balan a birnin Zurik na Suwizalan a watan Satumban 1977, amma jijiya takan koma ta tsuke a kusan mutum ɗaya cikin uku, wani lokaci ma ta rufe a kan gadon aikin. A 1986 aka fara sa ragar ƙarfe a Faransa da Suwizalan don ta tokare bango. Sai aka ga nama na tsirowa ta cikin ragar, ya sake cike hanya a mutum 20 zuwa 30 cikin 100. Daga 2002 zuwa 2003 aka fito da raga mai shafen magani da ke hana tsiron naman, abin ya sauko ƙasa da 10 cikin 100. Ga mai suga irin Baba, mai shafen magani ce kawai zan yarda a sa.

Abin da kan lalace

Ɗaukar hoton kaɗai, babbar matsala ba ta kai mutum ɗaya cikin ɗari. Idan an haɗa da buɗewa a mutumin da ba a cikin gaggawa yake ba, takan kai ɗaya zuwa biyu cikin ɗari. Wadda aka fi gani ita ce taruwar jini a inda aka huda. Ga Baba, ƙoda ce abin lura: rinin ta ƙoda yake fita, kuma shekara goma na suga da hawan jini sukan rage mata ƙarfi ba tare da mutum ya sani ba. Dole a auna ƙodar kafin aiki, a ba shi ruwa isasshe, a taƙaita rinin. Idan yana shan maganin suga na metfomin kuma ƙodar ta yi rauni, za a dakatar da shi ranar aikin da kwana biyu bayansa.

A cikin jijiyar kuwa, bango na iya tsagewa, wanda yawanci wata ragar ake sawa a rufe. Ragar na iya danne bakin wani reshe. Wani lokaci a buɗe babbar hanya tsaf amma jini ya ƙi gudu, saboda ɓarɓashin maiƙo ya gangara ya cushe ƙananan rassa. Ɓarɓashin na iya haurawa kai ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ko da yake wannan ba kasafai ba ne. Wadda ta fi damuna a tsofaffi masu suga ita ce jijiyar da ta ƙandare da sinadarin ƙashi. Balan-balan ba ya iya buɗe ta sosai, in aka cusa raga a haka ba za ta buɗe gaba ɗaya ba, kuma ragar da ba ta buɗe ba ita ce ke toshewa daga baya. Akwai kayan goge wurin, da 'yar na'urar leƙa cikin jijiya don tabbatar da ragar ta zauna. Ba laifi ku tambaya ko suna da su.

Abin da hoton zai iya nunawa

In tsukewa ɗaya ce, a jijiyar da ta jawo ciwon, kuma naman da take shayarwa da sauran rai, sitent ɗaya ko biyu sun gama magana. In akwai wata tsukewa mai tsanani a wata jijiyar daban, binciken COMPLETE na 2019 ya nuna cewa gyara ta ita ma yana rage sake kamuwa, ko a zama ɗaya ko bayan 'yan makonni. Wadda take tsaka-tsaki ba a sa mata raga da ido kawai. Ana auna ƙarfin jini gaba da bayanta da wata waya, in ma'aunin ya wuce 0.80 a ƙyale ta.

Inda nake so ku natsu shi ne idan aka ce jijiyoyi ukun duk sun kamu, ko gindin ta hagu, abin da ba baƙo ba ne ga mai suga. A nan tiyatar baifas ke shigowa, kuma sunan ya dace da ita: kamar direban da ya taso daga Kawo ya bi baifas don kauce wa cunkoson cikin gari. Ba a taɓa toshewar, sabuwar hanya ake ɗinkawa a gabanta. Ana ɗauko jijiyar da ke bayan ƙashin ƙirji ta hagu a haɗa ta da jijiyar gaba, wannan haɗin yakan kai shekara goma a buɗe a sama da mutum 90 cikin 100. Sauran kuma da jijiyar ƙafa ake yi, hanyar da Rene Favaloro ɗan Ajantina ya kafa a Amurka a 1967, sai dai ita ba ta kai ta ƙirji ƙarko ba. Raga tana gyara santimita biyu ko uku ne kawai, ciwon mai suga kuwa a warwatse yake a tsawon jijiyar. Sabuwar hanya tana tsallake toshewar yau har da wadda za ta fito gobe a wannan tsakanin. A binciken FREEDOM na 2012, wanda aka yi a kan masu suga 1,900 da jijiyoyinsu da dama suka kamu, bayan shekara biyar kusan 27 cikin 100 na waɗanda aka sa wa raga sun rasu ko sun sake bugun zuciya ko sun shanye, a ɓangaren tiyata kuma kusan 19. Shanyewar jiki ita kaɗai ta fi yawa a ɓangaren tiyata. Kuma tiyata tiyata ce: tsaga ƙashin ƙirji, awa uku zuwa shida a ɗakin aiki, kusan mako a asibiti, wata biyu zuwa uku kafin ƙashi ya haɗe, kuma raunin mai suga ya fi saurin ruɓa idan sugan bai daidaita ba.

Shawarata, ku faɗa wa likitan tun kafin Baba ya hau gado: in jijiya ɗaya ce, a sa ragar a zaman nan. In uku ne ko gindin hagu, kuma ba ya cikin haɗari a lokacin, a tsaya a fito, a ba ku hoton a faifai, likitan tiyata ma ya gani. Mutum yana kwance da bututu a hannu, 'ya'yansa na tsaye a baranda ana tambayarsu ko a sa raga huɗu, wannan ba lokacin yanke shawara ba ne.

Akwai kuma yiwuwar a tarar jijiyar a rufe gaba ɗaya, naman bayanta ya riga ya zama tabo, mutum kuma ba ya jin ciwo. Binciken OAT na 2006 ya nuna buɗe irin wannan bayan kwanaki ba ya ƙara komai. A nan sai a ce magani kawai, kuma amsa ce mai kyau, ba kuɗin hoto aka yi asara ba.

Yayyenki masu cewa a bar shi da magani ba daga iska suka ɗauko ba. Ga mutumin da ciwon ƙirjinsa sai ya yi tafiya yake zuwa, ya huta ya wuce, bai taɓa bugun zuciya ba, manyan bincike biyu, COURAGE a 2007 da ISCHEMIA a 2020, sun nuna raga ba ta fi magani mai kyau tsawaita rai ba, ciwon take ragewa. Baba ba ya cikin wannan rukuni. Tasa ta tsage ta rufe kwana goma da suka wuce.

Maganin da ke riƙe ragar

Wannan ɓangaren ne aka fi sakaci da shi, kuma shi ya fi kisa. Kafin fata ta rufe ragar, jini na ganin ta a matsayin baƙon ƙarfe, yana neman daskarewa a kanta. Abin da ke hana shi magani biyu ne tare: asfirin miligiram 75, irin su Vasoprin, da kilofidogirel miligiram 75, wanda aka fi sani da Plavix, ko tikagirelo miligiram 90 safe da yamma. Bayan bugun zuciya wata goma sha biyu ake shan biyun, sai in zubar jini ya tilasta a rage, daga nan a ci gaba da ɗaya har ƙarshen rayuwa. Wanda ya daina a watannin farko, don kuɗi sun ƙare ko don ya ji garau ko don za a cire masa haƙori, ragar na iya rufewa farat ɗaya, kuma wannan bugun yakan fi na farko muni. In kun san ba za ku iya sayen maganin shekara ba tare da yankewa ba, ku faɗa kafin a sa ragar. Ku sa kuɗinsa cikin lissafin aikin tun farko, ku riƙa saye a kantin magani mai rajista.

Tunda jininsa ba zai riƙa daskarewa da wuri ba, babu ƙaho, babu tsaga, babu haɗin kyamis na ciwon jiki, domin yawancinsa dikulofenak ne ko ibufurofen, suna huda ciki kuma suna cutar da ƙoda. Farasitamol ya isa. Mai tarihin olsa a haɗa masa da maganin kare ciki, fantofirazol ya fi dacewa, domin omefirazol na rage ƙarfin kilofidogirel. Bayan gida baƙi kamar kwalta alamar jini ce a ciki, asibiti za a tafi a ranar, ba dakatar da magani a gida ba.

Raga ba ta warkar da cutar da ta kawo toshewar. Wannan aikin atobastatin ne, maganin rage maiƙon jini, miligiram 40 zuwa 80 kullum, ko da awon maiƙonsa ya nuna daidai, ana neman mugun maiƙon ya sauka ƙasa da 1.4 a ma'aunin mmol/L. Sai maganin hawan jini, da daidaita suga, da barin taba in yana sha, da rage gishiri da dunƙulen miya da kitsen tsire, da tafiyar ƙafa da za a riƙa ƙarawa a hankali har ta kai rabin awa.

Azumi kuwa, a makonni shida na farko bayan bugun zuciya ko sa raga ba mu ba da shawararsa, balle ga mai suga a zafin bazara, domin ƙishirwa na kaurara jini. Bayan haka likitansa zai duba, kuma yawancin magungunan nan ana iya raba su tsakanin sahur da buɗa-baki. Akwai wata magana kuma da ta fi dacewa a bakin likitansa ko babban yayanku: ƙwayar da ake sawa ƙarƙashin harshe don ciwon ƙirji ba ta haɗuwa da maganin ƙarfin maza, jini kan faɗi warwas, kuma da yawa daga na gargajiyar da ake tallatawa an cuɗa su da na bature a ɓoye.

Abuja ko waje

Hoto da sa raga ana yin su a ƙasar nan, kuma watannin da za a ɓata wajen tara kuɗi da neman biza su ne watannin da suka fi haɗari. In hoton ya nuna tiyata, a lokacin ne za ku zauna ku auna inda za a yi ta, kuna tambayar kowane asibiti sau nawa suke yin ta a shekara da kuma wanda zai duba shi bayan ya dawo Kaduna. Aikin na cin miliyoyin naira, don haka ku nemi lissafi a rubuce: kuɗin hoto daban, kuɗin kowace raga daban. In yana da inshorar lafiya, ta tarayya ko ta jihar Kaduna, wato KADCHMA, ku tambayi abin da za su ɗauka kafin ku tashi.

Ku tafi da isiji na daren farko da na bayan allura, da takardar sallama, da sakamakon ƙoda da yawan jini da awon suga na wata uku, da kwalayen magungunansa duka. In ba a yi masa eko ba, wato hoton zuciya na na'urar sauti, a yi kafin tafiya. Za ku ga wani adadi da ke nuna kason jinin da zuciya ke turawa a kowane bugu: 55 zuwa sama lafiya ne, ƙasa da 40 rauni ne da ke sauya magani, yana kuma iya karkata shawara zuwa tiyata. In ya fito ƙasa kada hankalinku ya tashi tukuna, wani naman suma ya yi bai mutu ba, ana sake aunawa bayan mako shida zuwa goma sha biyu. Kada a dakatar da asfirin da abokinsa saboda hoton. Ban ga isijinsa ba, ban san ƙarfin ƙodarsa ba, don haka duk inda maganata ta saɓa da ta likitan da ya duba shi da hannu, ku tambaye shi dalili, ku bi tasa.

In yana zaune lafiya ba ciwo, mota ko jirgin ƙasa daga Rigasa duk za su yi, da mai rakiya, ba ya ɗaukar kaya. Amma in kafin ranar ciwon ya dawo yana hutawa, ko numfashi ya gagara idan ya kwanta, ko ya yanke jiki, a zaunar da shi, a sa masa ƙwayar ƙarƙashin harshe in an ba shi. Minti biyar bai sake shi ba, a nufi asibiti mafi kusa da ke da isiji ko ƙarfe nawa ne, da takardar nan mai sunan allurar farko a hannu, su kuma su tura shi Abuja a motar asibiti.